Ɗorawar Arzika

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona a Bodinga sun yanke cewa ba ni da sana'a. A ganinsu, mutum ya kawo tsohuwar takarda, in sa tabarau, in karanta masa sunan kakansa, ya ba ni na goro ya tafi, shi ke nan. Har sun ce nan gaba kaɗan waya za ta karɓe aikin, a ɗauki hoto kawai ta karanto. Na ce Allah ya sa, idona ya huta. Amma tunda sun iya karatu, bari in rubuta musu abin da ke ciki.

Aikina shi ne bin asalin mutane ta hanyar abin da kakanninsu suka bari a rubuce, wato wasiyya da takardar kayan gado, wasu da Larabci wasu da ajami. Ban fara shi da ƙuruciya ba. Na bar gida ina saurayi, na bi motocin goro zuwa Kumasi, na zauna a zango, unguwar Hausawa, har na ji Tonanci, yaren mutanen can. Daga baya na yi gabas, Injamena da Sudan, na yi wa alhazai tafinta a Makka. Fillanci kuwa a wajen uwata na same shi. Sai da na dawo da gemuna da iyalina sannan Malam Buhari, wanda ya daɗe yana rubuta kayan mamata in za a raba gado, ya ce in zo in riƙe masa gafaka, idonsa ya fara rauni. Mutanen unguwa suka yi ta dariya, wai ga ɗan koyo mai furfura.

Aikin farko da na bi shi, gidan wani manomi ne da ya rasu a Dingyadi. Aka fito da kaya tsakar gida, na gyara zama na tsoma alƙalami, sai Malam ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Tukuna. Hwara tambaya wane na ba nashi ba." Ina kallo kaya suka fara tafiya. Tukwane na matarsa ne, akuya ta 'yarsa ce, galma aro ce daga maƙwabci, saniyar da ke turke kuma ta wani Bafillace ce abokinsa. Abin da ya rage bai cika tabarma ba. A hanyar komawa Malam ya ce in riƙa lura da kayan da aka cire, don su ke nuna da wa mutum ya yi zama. Shi ya koya mini jin maganar kaya. Akumari da mangala suna cewa fatauci, buzu da allo suna cewa karatu, abin da marubuci ya fara sakawa a sama kuwa shi ne abin da gidan ke tinƙaho da shi.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai tabarau, da madubi mai ƙara girman rubutu da na saya a Jidda, da gashin zabo na ɗaga takarda, don gumin yatsa yana cin tawada. Akwai faifai da nake shimfiɗa takarda a kai, da gafakar Malam da ya bar mini. Sai goro da sukari na gaida tsofaffi. Amma abin da ya fi ƙarewa a wannan aiki takalmi ne.

Masu zuwa wurina kowa malami yake nema a zuriyarsa, ko mayaƙi. Ni kuwa yawanci jaki nake samo musu. Wani tela daga kasuwar Shagari ya zo da tabbacin kakansa barde ne. Na karanta masa: almakashi, allurai, ƙullin zare, riga da ba a gama ɗinkawa ba, ta wani ce a mayar masa. Ya tashi ko sallama babu. Da kasuwa ta zagayo sai ga shi yana sosa ƙeya, wai ko za a iya gano inda almakashin ya shiga.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ruwa ya yi yawa, ɗakunan ƙasa suka yi ta zubewa. Tawadarmu ta gawayi da ƙaro ce, da ta ji ruwa sai ta koma inda ta fito. Aka riƙa kawo mini takardu a dunƙule kamar fura, a ce in duba. Babu abin dubawa. Waɗanda suka tsira daga ruwa gara ta same su a inda aka jibge. Har rani ya wuce ban yi aikin kirki ba, na koma kasa goro a bakin titi. Tun daga nan na daina dogara da takarda ita kaɗai.

Yanzu ga abin da waya ba za ta gaya muku ba. Na taɓa ganin wasiyyar da aka rubuta irin ta Turawa a Kumasi: mutum ya jera matarsa da 'ya'yansa, kowa da abin da ya ba shi. A wajen Tonawa kuma na ga ɗan 'yar'uwa ya gaji kawunsa, 'ya'yan cikinsa suna kallo. Mu ba haka muke ba. Rabon magada an riga an yanke shi, mutum ba ya yi wa magajinsa wasiyya, kuma ba ya wuce sulusin abin da ya bari. Saboda haka sunan da ka gani a wasiyya, sunan wanda ba ya cin gado ne. Mutum ya zo yana murna ya ga sunan ubansa a wasiyyar wani babban mutum, ni kuwa gabana ya faɗi.

Haka Hajiya Kulu ta zo mini, da bazara, ana zafin nan da ke sa akuya ta bi inuwar bango. Dattijuwa ce haihuwar Kumasi, tana da rumfar atamfa a can. Wani direba da ya san na zauna a zango ya kawo ta. Hausarta ta zango ce, komai "ne", mace ma "ya zo". Da na amsa mata gaisuwa da Tonanci sai ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Ubanta, Arzika, ya je Kumasi yana saurayi, ya mutu a can bai taɓa komowa ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne shi mutumin Mandera ne, gidan Ummaru Mai Jakkai. A zango kuwa wanda danginsa ba su taɓa zuwa ba, ba su taɓa aiko da ko gaisuwa ba, ana yi masa kallon marar tushe, kuma abin ya bi 'ya'yansa har ya kai jikoki. Ta ce, "Malam, ba gona nake nema ba, ba gida ba. Jikokina suna tambaya na ina ne garinmu. So nake in koma in ce musu muna da mutane, ko in ce babu, in huta."

Ta riga ta je Mandera kafin ta zo wurina. Mai gidan yanzu, Alhaji Modi, jikan Ummaru ne. Ya karɓe ta hannu biyu, ya sa aka yanka kaji, aka shimfiɗa mata darduma a ɗakin baƙi, kowa na ce mata Hajiya. Ta ce kwananta nawa a gidan ba a bar ta ta ɗauki ko tsintsiya ba. Wannan karramawar ita ta hana ta barci, don ta san baƙo ake yi wa irinta, ba ɗan gida ba.

Muka hau mota zuwa Shagari, muka ƙarasa Mandera a kan babur. Alhaji Modi mutum ne mai fara'a, mai shanu da gonaki, ya kusa sa'ana. Bayan doguwar gaisuwa ya sa aka fito da takardun daga cikin wata tsohuwar tukunya mai murfi, naɗe cikin fata. Ruwan waccan shekara bai same su ba. Ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, ni ba ni ƙin baƙo. Amma an karanta muna takardag ga tun ina yaro. Sunan Arzika shina cikin wasiyya. Kai ka sani, ɗa ba ya shiga nan. Yaron jakkai na, bara na kakanmu. Mi zan ce mata? Kuma gobe ɗiyanta su taho su ce a auna musu gona."

Na ce, "Alhaji, gaskiyarka rabi. Mutum biyu ke shiga wasiyya. Akwai bare, akwai kuma jikan da ubansa ya riga kakan mutuwa, don baffanninsa sun tare masa gado. Bari mu ga wanne ne."

Ya ce shi bai taɓa jin kakansa ya yi wani ɗa da ya mutu ya bar baya ba.

Na shimfiɗa takardun a faifai. Takardar kaya ba ta ba ni mamaki ba: jakai a sama, sai akumari, mangala, gonaki, rumbu, rigar saƙi. Wasiyyar gajeriya ce. Ya bar wa limamin unguwa riga, an rubuta "limaminmu". Ya bar wa wani Nomau jaki, an rubuta "barana". Sai layi na ƙarshe: ɗorawar da ke gonar gabas ta Arzika ce. Ba "barana", ba "jikana", ba ɗan wane. Suna tsirara.

Abu biyu suka tsaya mini. Na farko, bara abin ɗauka ake ba shi, jaki ko riga, don wata rana zai kama gabansa. Itace ba ya tafiya. Na biyu, mutumin da ya bayyana kowa, me ya ɗaure masa baki a nan? Amma zato ba hujja ba ne, kuma ban faɗa wa Hajiya Kulu ba, don kada in ɗaga ta in sake ta. Na ce a kai ni gindin ɗorawar.

Tana nan, ƙatuwa, a tsakiyar gonar Alhaji Modi, 'ya'yanta sun nuna suna reto. A ƙasarmu gona daban itace daban, mutum na iya noma ƙasa shekara da shekaru itacen da ke ciki na wani ne. Na tambayi Alhaji wa ke kaɗe ta. Ya ce, "Wannan sha'anin mata na. Ta Goggo Ige ta, ita ka aiko a kaɗe mata duk shekara." Goggo Ige ita ce autar Ummaru Mai Jakkai, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, tana gidan 'ya'yanta a Dingyadi. Na ce ai takarda ba ta ba Ige ɗorawa ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai haka ya tashi ya gani, kuma wa zai tambayi Goggo dalili, bakinta ya fi barkono.

Washegari muka tafi Dingyadi mu uku. Muka sami Goggo Ige a inuwar rumbu, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, idanu sun yi hazo amma kunne garau. Na durƙusa na ajiye goro da sukari. Ta shafa goron ta ce, "Wanga na bara na ko na bana?" Na ce na bana ne, Inna. Ta ce to Allah ya sa. Alhaji Modi ya gaishe ta, ta ce, "Modi, kai na? Wa yam mutu?" Ya ce ba kowa, Goggo. Ta ce ai ta san ba ya zuwa sai da dalili.

A wannan aiki ba a tambayar tsoho asali kai tsaye, sai ya ɗauka shari'a ce ya rufe baki. Sai na ce na ga ɗorawarta a Mandera, ta yi 'ya'ya bana, Allah ya sa albarka.

Ta ce, "Ba tawa ba ta."

Na ce ta wa ce?

"Ta Arzika ta. Riƙo nika yi."

Ta ce tun shekarar da ya tafi take sa a kaɗe. Garin ta ba yara su sha, makubar a yi daɓe da ita, kalwar kuma ta dafa ta yi daddawa ta rabar sadaka da sunansa. Ta ce, "Ko ƙwara ban taɓa sawa miyata ba. Tsoho yac ce tashi ta."

Hajiya Kulu na zaune a bayana, ta yunƙuro za ta yi magana. Na yi mata alama ta dakata. Na ce, "Inna, shi Arzikan nan yaron gidan ne?"

Tsohuwa ta juyo da fuska wajen da muryata take. "Yaron gida? Wa yac ce?"

Alhaji Modi ya yi gyaran murya ya ce haka dai aka ji.

"Ku dai kun iya jin banza. Ɗan wana na, ɗan Haliru. Haliru shi na ɗan farin tsoho, ciwon ciki yak kashe shi Arzika na goye. Uwar tai aure wani gari, tsoho yar riƙe yaron. Ni goggo tai ta, ko da ya girme ni."

Alhaji ya ce, "To Goggo, don mi ba a rubuta ba? Don mi ba mu taɓa jin sunan Haliru ba?"

"Kai kana kiran sunan ɗanka na fari?"

Ba ya kira kuwa, don a wajenmu abin kunya ne. Ta ce tsohonsu mutum ne mai kunya irin ta da. Haliru na raye bai taɓa ambatar sunansa ba, bai taɓa cewa ɗana ba, balle ya mutu. Yadda bai kira uban ba haka bai iya cewa jikana ba a gaban malamin da ya zo rubutu. Gidan duka suka bi bakinsa, har waɗanda aka haifa daga baya suka tashi ba su san an yi mutumin ba. Na zauna da Larabawa, mutum ma da sunan ɗansa na fari ake kiransa, yana jin daɗi. Mu kuwa ga inda tamu kunyar ta kai mu.

Sai a lokacin na ce mata ga wata ta zo daga Kumasi, ta ce ita 'yar Arzika ce. Tsohuwa ba ta yi wani motsi ba. Ta ce, "Kowa na iya cewa. Ke, matso. Ubanki ƙaƙa hannu nai na hagu?"

Hajiya Kulu ta ce, "Ba ya miƙewa duka, Inna. Ya ce daga mota ne ya faɗo, a hanyar Tamale."

Goggo Ige ta fashe da dariya har da tari, sai da aka ba ta ruwa. "Mota. Ji maƙaryaci. Daga bisa ɗorawag ga yaf faɗo, ni nis sa shi hawa, nic ce ba ya iyawa. Tsoho yab ba shi ita don ya ce itacen da yac ci hannun mutum ya zama nashi." Ta lalubo fuskar Kulu da hannu biyu, ta shafa goshi, ta shafa kunnuwa. "Ga kunnuwan nan kamar faifai. Shina da rai?"

"Ya rasu, Inna, da daɗewa."

Tsohuwa ta yi salati, ta yi masa addu'a, muka shafa. Sai ta ce, "To ke, kin taho tun daga Gwanja, ina gorona? Ko wanga busasshe na malam za ki laɓe bayansa? Rowa kamar ubanki."

Hajiya Kulu ta dube ni, ba ta san ko ta ba da haƙuri ba. Na gaya mata da Tonanci, a hankali, cewa baƙo ba a yi masa haka, wannan tsiyar ta kaka da jika ce, ta rama in ta iya. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Goro na jaka, Kaka. Na ga ba ki da haƙoran ci ne, shi ya sa."

"Kun ji ta ko? Jinin Haliru na. Modi, ga ɗiyarka nan, ka bar ta ɗakin baƙi kamar wata matar gwamna."

Alhaji Modi ya cire hula ya sosa kai ya mayar. A hanyar komawa ya tambaye ni a hankali ko yanzu sai an sake rabo. Na ce rabo ya wuce tun kafin a haife shi, kuma an yi shi daidai, ɗorawa ce kawai tata da 'yan'uwanta. Kulu ta ji mu. Ta ce ita ba ta da inda za ta sa itace a mota, a bar wa Kaka riƙonta. Ya yi dariya ya ce, "Kulu, ke dai ki yi shiru, manya na magana." Tun daga ranar ban sake jin ya ce mata Hajiya ba.

Na koma Mandera bayan 'yan kwanaki don in mayar da takardun cikin tukunyarsu, na kuma ba su kwafin da na rubuta da boko, da sunan Haliru a inda ya kamata ya zauna. Na tarar an naɗe dardumar ɗakin baƙi. An kawo Goggo Ige a kan babur don kaɗar ɗorawa, tana zaune a kan turmin da aka kifar tana ba da umarni. Matan gida sun dafa kalwa, ga mai rumfar atamfa ta Kumasi ta ɗaure zane a ƙirji, gumi na zuba, an ba ta taɓarya tana surfe. Tsohuwa na cewa ba haka ake riƙewa ba, wa ya koya mata, ko a can da cokali suke daka.

Na tsaya daga zaure na yi sallama. Kulu ta ɗago ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba zan iya fitowa ba. Sun sa ni aiki."